MUƘALAR MAKO: Kafin Ka Ƙara wa Bakinka Ƙarfi, Tanadi Abin da Zai Kare Kunnenka



Duk wanda ya daɗe a harkar rediyon sha'awa ya san tambayar da sabon shiga yake fara yi idan ya ga na'ura: "Wat nawa take fitarwa?" Da wuya ka ji wanda ya ce, "Nawa kunnenta zai iya ɗauka kafin ya lalace?" Mutum zai yi watanni yana tara kuɗin amfilifaya domin muryarsa ta kai Turai da Amurka, amma idan aka ce ya sayi rile da dayod da kuɗinsu bai kai na katin waya na mako guda ba, sai ya ce sai wani jiƙon.

Ra'ayina a wannan makon shi ne: duk wanda ya ajiye risiba ta biyu kusa da rediyon da yake magana da shi, ko SDR ce ko tsohon rediyon gajeren zango, bai kamata ya danna maɓallin magana ko sau ɗaya ba sai ya sa mata kariyar da ke aiki da kanta. Dogaro da cewa "zan tuna in cire waya" ganganci ne. Ga dalilaina.

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWA YA HADDACE

A shekarar 1981, a taron da ƙungiyar IARU shiyya ta 1 ta yi a Brighton ta ƙasar Ingila, an amince cewa a gajeren zango siginar da muke kira S9 tana nufin kashi 50 cikin miliyan na bolt ɗaya a bakin eriya mai om 50. Wannan ita ce siginar da muke yabawa mu ce wa mutum "kana shigowa rangaɗau". To, rediyo mai wat 100, irin su IC-7300 na kamfanin Icom, yana zuba kimanin bolt 70 ne a kan wannan om 50 ɗin. Idan aka kwatanta ƙarfin biyun, tazarar ta kai ninki tiriliyan 2. Wato abin da aka ƙera domin ya ji raɗa daga wata nahiya, shi ne ka zaunar a gefen abin da ke ihu.

A cikin rediyo guda mai magana da saurare babu matsala, domin masu ƙera shi sun riga sun sa makunnin da ke rufe kunne kafin baki ya buɗe. Matsalar tana farawa ne ranar da ka ƙara risiba ta biyu da tata eriyar, ko ka raba musu eriya ɗaya. Yau kuwa kusan kowa ya yi hakan. Tun daga 2012, lokacin da aka gano cewa 'yar na'urar kallon talabijin mai kama da filashi, mai ɗauke da RTL2832U na kamfanin Realtek, za ta iya zama risiba mai faɗi, SDR ta shiga ɗakin kowa.

Nawa waɗannan na'urori suke iya jurewa? Kamfanin SDRplay ya ce kada abin da ke shiga na'urorinsa a kai a kai ya wuce miliwat 1, wato kashi 1 cikin 1,000 na wat. Masu ƙera HackRF One sun sa iyakarsu ƙasa da haka, kusan sulusin miliwat, suka kuma yi gargaɗin cewa wuce nan na iya lalata ta har abada. Saboda haka mai wat 100 yana buƙatar ƙarfinsa ya ragu ninki 100,000 kafin ya isa ƙofar SDR. A yaren masu awo, desibel 50 ke nan.

Wani zai ce ai eriyoyin nasa ba a haɗe suke ba. To mu auna. Ɗauki eriya biyu irin ta waya mai hannu biyu, duka an yanka su daidai da megahaz 14, suna fuskantar juna, tsakaninsu taku na mita 20. A lissafin takarda, kusan kashi 1 cikin 50 na abin da ɗaya ta watsa zai faɗa cikin ɗayar. Wat 100 ya zama wat 2 ke nan a cikin wayar risiba, ninki 2,000 na abin da aka ce ta jure. Duk lokacin da ka ninka nisa, ƙarfin yana komawa rubu'i ne kawai, don haka idan nisa kaɗai za ka dogara da shi sai ka kai eriyar kusan kilomita guda. Wane ne a cikinmu yake da wannan filin? Yawancinmu a fuloti mai ƙafa 50 da 100 muke, eriya biyu a kan rufi ɗaya, wani lokaci ma a jikin sanda ɗaya.

ƁARNAR IRI UKU CE

Ta farko mai sauƙi ce: kurumcewa ta ɗan lokaci. Sigina mai ƙarfi ta cika ƙofar risiba, ƙananan siginoni su ɓace, allon kwamfuta ya cika da layuka na ƙarya. Kana sakin maɓalli komai ya dawo. Waɗanda ke zaune kusa da manyan tashoshin FM sun san wannan ko ba su taɓa yin magana ba.

Ta biyu ita ce mutuwa kai tsaye. Taransiston farko ya ƙone, risiba ta yi tsit. Wannan akwai ciwo, amma aƙalla ka san abin da ya same ka.

Ta uku ita ce ta fi ban tsoro, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Taransiston ya ji rauni amma bai mutu ba. Risiba tana kama manyan tashoshi lafiya lau, ƙananan kuwa sun tafi. Sai mai ita ya shiga zargin yanayin sama, ya zargi eriya, ya sake hawa rufi, ya sayi sabuwar waya, alhali kunnen ne ya toshe tun ranar da ya gwada sabon rediyonsa. Duk wanda ya ce maka "shekara nawa ina yi ba abin da ya ƙone", tambaye shi yaushe rabon da ya jera risibarsa da sabuwa irinta a kan eriya ɗaya ya kwatanta.

A nan ya kamata mu kawar da wasu zato guda uku. Kashe risiba ba ya kare ta, domin muddin waya na jone, wutar za ta shiga ko tana kunne ko tana kashe. Rage murya ko toshe lasifika ba ya kare ta, kunnenka kawai ka hutar. Rage ƙarfin karɓa a manhajar kwamfuta ma haka, domin abin da ke bakin ƙofa ya riga ya sha dukan kafin umarninka ya yi wani amfani.

ME YA SA HANNU BA ZAI IYA BA

A zamanin da, mai tasha yana da makunni irin na wuƙa a bango: ya ture shi sama ya yi magana, ya dawo da shi ƙasa ya saurara. Risibobin wancan lokaci masu kwalba ne, masu taurin rai, kuma suna da da'irorin tacewa tun daga ƙofa. SDR mai araha ƙofarta a wangale take, tana karɓar komai lokaci guda.

Sannan yau ba hannunka kaɗai ke sa rediyo magana ba. Tun da Joe Taylor da Steve Franke suka fito da tsarin FT8 a 2017, kwamfuta ce ke danna maɓalli da kanta, tana musayar magana da saurare duk bayan sakan 15. Wa zai zauna yana cire waya yana mayarwa sau huɗu a minti? Ga tsarin da ke kunna rediyo da jin murya, wanda tari ko kukan yaro ya isa ya tayar da shi. Ga maɓallin daidaita eriya, wanda shi ma yana fitar da wuta. Kuskure ɗaya na ƙiftawar ido ya isa.

Manyan injiniyoyi ma ba su yarda da hannu ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, masu ƙera na'urar rada sun fuskanci wannan matsala a mafi munin kamanninta: eriya ɗaya, bugu mai ƙarfin dubban wat, da risiba mai laushi a bayansa. Maganin da suka samo shi ne kwalba mai iskar gas wadda bugun da kansa yake kunna ta, ta toshe hanyar risiba, bugun na wucewa ta buɗe. Darasin shi ne kariya ta zama cikin ginin na'ura, kada a bar ta a hannun mai tunawa da mantuwa.

KARIYA HAWA-HAWA CE

Hawa na farko, auna. Idan kana da NanoVNA ko wani a kusa yana da ita, jona eriyar magana a baki na ɗaya, eriyar saurare a baki na biyu, ka karanta desibel nawa ke tsakaninsu a kowane zango da kake aiki. Ba sai ka fitar da wat ko ɗaya ba. Duk desibel 10 ragin ninki goma ne. Idan ka ga 30, to wat 100 zai iso a matsayin miliwat 100, har yanzu ninki ɗari ya wuce iyaka. Tsohuwar dabarar jona ƙwan tocila a bakin wayar saurare tana da amfani ta fuska ɗaya: idan ya yi haske, haɗari ya tabbata. Rashin haskensa kuwa ba shaida ba ce, domin abin da zai kashe SDR bai isa ya ɗumama ƙwan ba.

Hawa na biyu, tsarin kafa eriya. Nisanta su iya ƙoƙarinka. Ɗaya a tsaye ɗaya a kwance ya fi duka biyu a kwance. A zangon mita 2 da santimita 70, eriya biyu masu tsayuwa sun fi rabuwa idan ɗaya tana saman ɗaya a kan layi guda, fiye da idan suna kafaɗa da kafaɗa. Wannan yana ragewa, amma shi kaɗai ba ya isa.

Hawa na uku shi ne ginshiƙi: rile da ke cire risiba daga eriya ya kuma haɗa bakinta da ƙasa. Haɗawa da ƙasa wajibi ne, saboda ko ƙarafan rile sun rabu, sigina tana tsallaka 'yar tazarar, kuma tana ƙara tsallakawa idan zangon ya yi sama. A nan akwai sharuɗɗa biyu da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansu ba.

Sharaɗi na farko, rediyon da kansa ne zai ba rilen umarni ta waya. Kusan duk rediyon tebur yana da wannan baki a bayansa: Icom suna rubuta SEND, Yaesu suna rubuta TX GND. Akwai akwatunan kasuwa, irin su MFJ-1708, da ke iya aiki ta hanyar shinshino siginar da ta fito. Wannan kamar maigadi ne da ba ya farkawa sai ɓarawo ya shigo tsakar gida. Rile ƙarfe ne mai motsi, yana ɗaukar kashi 5 zuwa 10 cikin 1,000 na sakan kafin ya juya, kuma a wannan ɗan tsakanin risiba tana shan duka a duk lokacin da ka danna. Shinshinon ya zauna a matsayin ko-ta-kwana, wayar umarni ta zama ita ce ta gaba. Sannan ka shiga jerin saituna na rediyonka ka sa jinkirin fitar sigina. IC-7300 yana ba da dama har kashi 30 cikin 1,000 na sakan, wanda ya ishi ƙaramin rile ya gama aikinsa. Masu ɗora ƙaramar amfilifayar saurare a saman sanda sun daɗe da bin wannan ƙa'ida: a fara rufe kunne, a juya eriya, a kunna babbar amfilifaya, sannan sigina ta fita, in an gama a bi jerin ta baya.

Sharaɗi na biyu, a haɗa rilen risiba mai eriyar kanta ta yadda idan babu wuta a jikinsa, risibar a rufe take. Sai an ba shi wuta sannan ta ji. Wannan ya shafe mu sosai. Da yawanmu rediyo yana kan batirin sola, akwatin rile kuma yana kan adafta a bango. Wuta ta ɗauke, rediyo bai ko girgiza ba, rile ya saki. Idan sakinsa yana nufin ƙofa a buɗe, to maganarka ta gaba ita ce ajalin risibar. Mafi kyau ma, su sha daga batiri ɗaya.

Hawa na huɗu, dayod. Kowa ya san dabarar: 1N4148 guda biyu, kai da ƙafa, tsakanin tsakiyar waya da ƙasa. Suna yanke duk abin da ya haura kusan bolt 0.7. Dabara ce mai kyau, amma ana yi mata kallon kitse. Bolt 0.7 a kan om 50 ya kai miliwat 5 zuwa 10, ya riga ya wuce iyakar da SDRplay da HackRF suka faɗa. Dayod irin na Schottky yana yankewa a kusan rabin haka, ya fi dacewa da na'urori masu laushi. Sannan dayod ƙaramin abu ne: idan ka zuba masa wat da yawa zai ƙone, idan kuma ya ƙone ta hanyar tsinkewa, kariya ta tafi ba ka da labari. Shi ya sa ake sa ƙaramin ƙwan fitila mai zare a gabansa, wanda idan ya yi zafi yake ƙara toshe hanya, in abin ya yi yawa ya tsinke kamar fiyus. Abu na ƙarshe, dayod da ke yanka sigina yana haifar da siginonin ƙarya, su koma ta eriyar saurare su fita waje su dami wasu. Wurin dayod bayan rile ne, ya tare abin da ya zille.

Hawa na biyar, filta, ga wanda dole ya saurara yana magana. Masu aiki ta tauraron ɗan'adam suna aikawa a megahaz 145 su saurara a 435, ko akasin haka. A lura, 145 sau uku 435 ne cif, don haka amon rediyonka yana faɗawa daidai inda kake kasa kunne. Haka zangunan 3.5 da 7 da 14 da 21 da 28 suke, ninkin juna ne. Idan tashoshi biyu za su yi aiki a wuri ɗaya, kowacce tana buƙatar filtar zangonta. Wanda bai da kuɗinta zai iya yanka wayar eriya irin RG-213 mai tsawon kusan mita 7, ya haɗe ƙarshenta, ya rataya ta a kan layin tashar megahaz 7: za ta bar 7 ya wuce ta danne amon da ke fita a 14.

Akwai kuma abokin gaba da ba ya jiran ka yi magana. A lokacin hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a jikin doguwar waya har ta riƙa tartsatsi. Rizista mai om 100,000 zuwa miliyan 1 daga eriya zuwa ƙasa tana tsiyayar da shi a hankali ba tare da ta taɓa sigina ba. Da damina kuwa, idan hadari ya taso, a zare eriya gaba ɗaya. Babu rile ko dayod da ke tare aradu.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

"Ai SDR ɗin araha ce, in ta ƙone in sayi wata." Da dala ake sayenta, sai ka jira makonni kafin ta iso. Abin da ya fi wannan, ɗabi'a ce kake koya wa hannunka. Ranar da ɗan'uwa ya kawo na'urarsa mai tsada gidanka, ko kai ka je nasa, da wannan ɗabi'ar za ka je.

"Ni wat 5 kawai nake fitarwa." Koma kan lissafin can na sama: kashi 1 cikin 50 na wat 5 miliwat 100 ne. Oba-oba irin Baofeng da ka danna a kan tebur, taku ɗaya daga 'yar eriyar SDR, ta isa ta wuce iyaka nesa ba kusa ba.

"Duk abin da aka ƙara a layi yana rage ji." Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, kuma a zangon mita 2 zuwa sama gaskiya ne, dole a nemi rile mai kyau da gajerun wayoyi. A gajeren zango kuwa, hayaniyar da eriya ke kwasowa daga sararin sama, daga tsawa ta kusa da ta nesa, da inbata da caja da janareto na unguwa, ta fi hayaniyar cikin risiba nesa. Rabin desibel da za ka rasa a rile yana rage sigina da hayaniya tare, kunnenka ba zai ji bambanci ba.

HAƘƘIN NA KUSA DA KAI

Maganar ba ta tsaya a kan kayanka ba. Idan an haɗu wuri ɗaya, kamar ranar da 'yan sikawut na duniya ke gaisawa ta rediyo a ƙarshen mako na uku na watan Oktoba, al'adar da aka faro tun 1958, risibar wani tana ƙarƙashin eriyarka. A ganina nauyin yana kan mai magana, domin shi ne mai wutar. Kafin kowa ya danna, a zagaya a ga wa ya jona me, a rubuta zangon kowa a takarda, a fara da ƙaramin ƙarfi. Wanda ya ƙona kayan ɗan'uwa da sakaci, ya biya ba tare da an kai ga jayayya ba.

Ina kuma ba zaure shawara biyu. Duk wanda zai ce wa sabon shiga ya sayi SDR, ya haɗa masa da bayanin iyakar abin da take ɗauka. Duk wanda ya ɗora hoton sabuwar amfilifaya muna taya shi murna, mu tambaye shi da ladabi ya nuna mana akwatin rilensa. Sabbin shiga da ba su kai ga samun lasisi ba, ku ci gaba da saurare, ku yi amfani da wannan lokaci ku harhaɗa naku akwatin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu NanoVNA a cikinmu, don Allah a wannan makon ku auna tsakanin eriyoyinku, ku ajiye mana sakamako a ƙasa: irin eriyoyin, nisan da ke tsakaninsu, zango, da desibel nawa kuka samu. Masu saɓanin ra'ayi, musamman a kan dayod da akwatunan shinshino, fili naku ne, a zo da hujja a kuma kiyaye mutuncin juna.

Allah Ya tsare mana kayanmu da lafiyarmu, Ya kai mu mako mai zuwa. 73 gare ku baki ɗaya.